Wane Ne Mai Gidanka a Garin Nan?

Kawuna ya haura shekara talatin yana dillancin shanu a karar Wudil. Bai taɓa zama ajin boko ba, kuma in ka cire aikin Hajji bai taɓa ƙetare iyakar Najeriya ba. Ranar da na je yi masa sallama zan tafi Kwatano sayo mota, cikin hutun Afrilun 2014, sai ya laluba aljihun 'yar ciki ya zaro wata 'yar takarda da ya sa yaro ya rubuta masa lambar waya a kai. Ya ce, "Ungo. Wannan Alhajin a Zongo yake, a Makka muka saba. In ka sauka kada ka bi ta ko'ina sai gidansa. Ka danƙa masa kuɗinka, ka ci abin da suka ci, ka kwanta inda suka kwanta."

Na sa hannu biyu na karɓa, na ce, "To Kawu, in Allah ya yarda." Tun ban gama sa takalmi a ƙofar zaure ba na san ba zan je ba.

Hujjojin da na jera wa kaina a lokacin masu kyau ne a kunne. Ni malamin sakandare ne, labarin ƙasa nake koyarwa, na sha zana gaɓar tekun Afirka ta Yamma a allo ina nuna wa yara Legas da Kwatano da Lome da Tema. Me zai kai ni kwanan tabarma cikin direbobi da 'yan kamasho? Ga kuma la'ada, wadda na ɗauka kuɗi ne da wayayye ba ya biya. Duk wannan kwalliya ce. Gaskiyar ita ce ba na son kowa ya ƙirga kuɗina.

Shekara biyu na yi ina cika wa mutane baki cewa Volvo zan shigo da ita Wudil. Shugaban makarantarmu na lokacin da nake ɗalibi yana da wata doguwa mai ruwan toka, tun daga nan ta shiga raina. Har tarihinta na haddace, ina ba abokan aiki labari a ɗakin malamai: a Gotanbag ake ƙera ta, birnin bakin teku na ƙasar Suwidin, a can kamfanin ya fitar da motarsa ta farko a 1927, ƙarfenta ba irin na sauran ba ne. Abin da ke ƙugu na kuwa adashi ne na kwasa, da rancen ƙungiyar malamai, da kuɗin bijimai biyu da na turke wata takwas Kawu ya sayar mini ranar Juma'a. Jimillarsu bai kai miliyan ɗaya ba. A gidan Alhaji dole in zazzage su a gaban mutane, a san nauyina. A otal ba mai tambaya.

Na bi motar dare daga Sabon Gari zuwa Legas, daga Mile 2 na bi ta Badagiri zuwa Seme, na canza kuɗina zuwa sefa, na shiga Kwatano da la'asar sakaliya. A tashar Jonke wani ɗan acaɓa cikin riga ruwan ɗorawa, zemijan suke ce musu a can, ya fahimci kalma biyu daga bakina, otal da araha. Ya bi da ni lungu-lungu ya ajiye ni ƙofar wani bene mai hawa biyu.

Sefa 5,000 ne kwana. Matar da ke karɓar kuɗi ta duba fasfo ɗina ta rubuta lamba, ta miƙo mini makulli ɗaure da guntun katako mai lamba tara. Ɗakin yana da gado mai katifar da aka lulluɓe da leda, in ka juya sai ta yi ƙara kamar ana tattaka busasshen kara. Fankar sama tana juyawa tana kuka, iskarta ba ta isowa gado. Gidan sauro akwai, amma da ɓula uku da hannu zai shiga. Famfo ba ya kawo ruwa sai tsakar dare, sai ka tara a bokiti. Buta babu, da gorar ruwan sha na riƙa alwala. A ƙasa akwai mashaya, kiɗa ba ya tsayawa sai wajen ƙarfe biyu, kuma tun daren farko na gane cewa wasu ɗakunan awa-awa ake kama su. Zafin bazarar Wudil na san shi, yana ƙona fata amma in ka shiga inuwa ka tsira. Na Kwatano jiƙaƙƙe ne, rigar da na wanke ranar Talata har Alhamis da danshinta.

Duk da haka, da na murza makulli na ji ƙofa ta kulle, wani daɗi ya kama ni. Tunda aka haife ni ban taɓa kwana a wurin da ba wanda ya san sunan ubana ba. Na shimfiɗa sallaya na yi lissafin alƙibla da ilimina na taswira. Na ƙirga kuɗi sau biyu, na tura su ƙarƙashin katifa, can kuma na fasa na mayar da su ƙugu. Ko banɗaki da su nake shiga.

A bakin ƙofar otal ɗin akwai wani dattijo mai gadi, siriri, da hula ta tsufa da 'yar rediyo a gefen bencinsa. Daga ganin tsagar fuskarsa na san daga arewa ya fito. Na ji shi yana sauraren Hausa a rediyon. Kullum in zan wuce sai ya ɗago ya yi mini sallama, ni kuma in amsa a taƙaice in ƙara sauri, don na san in na tsaya zai tambaye ni daga ina, wurin wa na zo. Tambayar da na gudo wa ke nan tun daga Wudil.

Wanda na tsaya wa shi ne wani mai fararen kaya da na tarar wurin mai shayi da safe. Turancinsa tas, ya ce a Ibadan ya yi karatu. Da ya ji aikina sai ya fara kira na Farfesa, ni kuma ban hana shi ba. Ya ce ya yi shekaru yana fitar da motoci daga tashar jirgin ruwa, kuma yana tausayin 'yan Najeriya yadda masu masauki na Zongo ke tatsar su ta gaba da ta baya. Maganar ta zauna mini daidai, domin abin da nake so in ji ke nan.

Ya kai ni Sekanji, kan hanyar Seme, inda filayen motoci suke. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Motoci ne jere iya ganinka, wasu da takardun tashar Antuwap ta Beljiyam manne a gilashi, abin da ya sa duk tsohuwar motar Turai muke ce mata Beljiyam ko da a Jamus aka yi ta. Yawancinsu a takarda Nijar za su, a zahiri kuwa kasuwarsu Najeriya. Cikin wani fili muka same ta, Volvo doguwa, shuɗiya mai duhu. Mutumina ya yi magana da wani yaro da Faransanci, aka kawo makulli, ya tayar da ita. Na zauna mazaunin direba na riƙe sitiyari, na ga kaina ina hawa gadar Wudil ranar kasuwa. Kuɗin da ya faɗa ya yi ƙasa ƙwarai da abin da na ji ana faɗa, har zai bar mini na hanya da na kwastan. Mai hankali a nan zai tsaya. Mutumina ya ce wani ɗan Nijar ma ya taya, sai in ba da kafin alƙalami a riƙe mini ita zuwa gobe a gama takardu. A bayan wata kwantena na ƙirga masa sefa 400,000, kusan kuɗin bijimi guda, ya ba ni rasit da hatimi.

Washegari wayarsa a kashe. Na koma Sekanji ni kaɗai. Mai filin ya karɓi rasit ɗin ya juya shi, ya sa aka fassara mini cewa bai san mutumin ba, kuma kowane ɗan kamasho yana iya karɓar makulli ya nuna wa mai saye mota. Takardar ba lambar jikin mota, ba sunan fili. Ya faɗi ainihin kuɗin Volvo ɗin, ko ban yi asarar ko sisi ba ba zan iya sayenta ba.

A daren nan zazzaɓi ya rufe ni. Sauron da ke shigowa ta ɓular nan ne ko baƙin ciki, ko duka biyun, oho. Na kwana biyu ban sauko ba. Matar otal tana ƙwanƙwasawa da tsakar rana, in miƙa mata 5,000 ta ƙofa, ta tafi. Ban ga laifinta ba, ɗaki na biya, ɗaki ta ba ni. Matata ta kira na ce mata komai lafiya, ciniki ake yi. Takardar Kawu tana cikin jaka, na ɗauko ta ya fi sau biyar ina mayarwa. In kira in ce me? Ga ɗan bokon nan da ya fi ƙarfin tabarmarku, an wanke shi?

Da asubar kwana na biyar aka yi sallama a ƙofa, da Hausa. Dattijon nan ne, riƙe da kwanon koko da ƙullin magani. Ya ce, "Mushe, lahiya? Kwana biyu ban ga ka hito ba." Da ba don na san mutanen Nijar haka suke kiran malamin makaranta ba, da na ce zagi ne, ko da yake a yadda nake kwance ɗin nan, ma'anar tamu ta Kano ma ba ta yi nisa da ni ba. Ashe ta tagar banɗaki yake jin wayar da nake yi da gida, ya san ni malami ne, ya san daga Wudil nake, har ya san sunan 'yata. Ya zauna bakin gado sai da na shanye kokon. Idonsa ya kai kan sallayata. Ya yi shiru, sannan ya miƙe ya juya ta, ya ce, "Teku kake kallo, ɗana. Gabas ta nan take." Malamin labarin ƙasa, kwana biyar.

Na ba shi labari duka, ban rage ba. Bai yi salati ba, bai ce kash ba. Abin da ya tambaya kawai shi ne, "Wane na mai gidanka cikin garin ga?"

Na ce ba ni da shi.

Ya ce, "To ai kai saniya ce da ba shaida."

Ba wanda zai gane nauyin wannan magana kamar ɗan Wudil. Duk Juma'a tun ina yaro nake ganin yadda ake yi a kara: da an sallama, yaron mai saye zai zo da fenti ya yi wa sa alama a gadon baya kafin a kora shi wajen tirela. Dabbar da ke da shaida ko ta ɓalle ta shiga wani garke, za a dawo da ita. Wadda ba ta da shi, duk wanda ya riga kama igiya shi ne mai ita. Kuma na san masu sayen shanu da ke zuwa daga kudu tun daren Alhamis ba sa shiga kara sai ta hannun dillalinsu, shi ke saukar da su, shi ke tsaya musu in sa ya fito na sata ne. A zauren Kawu na sha kai wa irinsu tuwo. Abin da na girma a cikinsa ke nan, na kuma je garin wasu na raina shi.

Da hantsi, bayan ya tashi daga aiki, maimakon ya je ya kwanta sai ya ɗauki jakata. Matar otal ta kira ni ta mayar mini da kuɗin kwanan da na riga na biya ban yi ba, abin da ban zata ba. Muka hau zemijan biyu zuwa Zongo. Ko lambar bai nema ba, sunan Alhajin kawai na faɗa, ya ce ya san gidan, bayan babban masallaci.

Alhaji na zaune a zaure ana karyawa. Da na faɗi sunan Kawu sai ya ajiye kofi ya ce, "Kai ne? Yau kwana biyar yarana suna zagaya Jonke suna cigiyar malami daga Wudil. Kawunka ya kira ya fi sau goma." Bai ƙara ko kalma a kan haka ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya sa aka kira mutum biyu, ya ce in fito da abin da ya rage. Abin da na yi tafiyar kwana biyu, na kwana cikin kiɗan mashaya don kada ya faru, ya faru cikin minti biyar a kan buzu. Aka ƙirga, ya rubuta da ajami a wani littafi mai baƙin bango, shaidu suka gani. Ya ɗan yi lissafi da yatsu ya ce, "Malam, wannan kuɗin Golf ne."

Na jira dariya, ba wanda ya yi. Na kusa da ni inji kawai ya zo saye, na Sharon ɗinsa da ya buga. Wani Bakatsine da ke kwance a lungu da ɗan tawul a kafaɗa, daga baya na ji mota goma sha biyu ya saya a zuwan nan, kuma shi ma layin banɗaki yake bi da butarsa. A gidan ba wanda kuɗina ya dama. Ni kaɗai na ɗauke su da girma haka.

Tsarin nan ya girme mu duka. Tun zamanin da fatake ke kora jakuna daga Kano zuwa Gwanja sayo goro, duk inda ayari ya yada zango akwai wanda ke saukar da baƙi, ya ajiye musu dukiya, ya yi musu tafinta, ya tsaya musu a ciniki. Daga nan unguwannin Zongo na Kumasi da Akara da Lome da Kwatano suka samo suna. La'adar da nake ƙyashi, kuɗin wannan tsayawar ce. Dillalin Alhaji da ya kai ni Sekanji ya duba lambar jikin mota ya gwada da takarda, ya leƙa ƙarƙashi yana neman tsatsar gishirin da Turawa ke zuba wa titi lokacin ƙanƙara, kuma ba a biya ko dala ba sai a ofishin mai fili, gaban shaidu. Mai fararen kaya kuwa, da na kwatanta shi, sun san irinsa, suka ce a bar wa Allah. Da ta hannun wani mai gida na haɗu da shi, da akwai wanda za a kama.

Ba zan ce zaman Zongo aljanna ba ne. Mu goma sha ɗaya ne a ɗaki, minsharin wani direba kaɗai ya isa hana unguwa barci. Na tabbata Alhaji yana samu ta wajen mai saye da ta wajen mai sayarwa, kuma ban ga alamar yana ɓoyewa ba. Sirri kuwa babu shi, abin da ka faɗa da safe da yamma yana Kano. Har yau in aiki ya kai ni Kaduna ko Abuja ƙaramin otal nake nema, ina son ƙofar da zan kulle. Sai dai yanzu kafin in karɓi makulli nakan tsaya wurin mai gadi mu gaisa, in faɗa masa garinmu, in tambaye shi alƙibla.

Ranar da za mu taso na koma otal ɗin na sami dattijon a bencinsa. Na ba shi jikka goma, wato sefa 10,000 a lissafinsu na Nijar. Ya zare biyu ya mayar mini da takwas, ya ce hanya da nisa, mota sabuwar saye ba a san halinta ba. Na tambaye shi garinsu, ya ce Dogon Dutsi. Muka yi musabaha na tafi ina sauri, ayari na jira.

Mota tara muka jero muka yi arewa, ta Bohikon da Paraku da Kandi, sama da kilomita 700 kafin Malanbil. Muka haye gadar Kwara muka shiga Gaya, ta Nijar ba tamu ta kusa da Wudil ba, muka kwana biyu ana takardu. Daga Doso muka ɗauki hanyar Birnin Ƙonni da Maraɗi. Wajen azahar sai ga wani dutse mai shimfiɗaɗɗen kai ya taso gabanmu, direban da ke tuƙa ni ya ce Dogon Dutsi ke nan, za mu tsaya mu ci abinci. Na ce madalla, bari in nemi gidan mutumin nan in gaida iyalinsa, in ajiye musu ɗan wani abu. Direba ya ce, "Wa sunansa?"

Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Mutumin da ya san sunan 'yata, ya ɗauki jakata a kansa, ya hana kansa barci saboda ni, ban taɓa tambayar sunansa ba. Baba kawai nake ce masa. Asarar sefa 400,000 ta daɗe da daina yi mini ciwo, wannan kuwa har gobe.

Mun shigo ta Jibiya, aka biya kuɗin kwastan, na iso Wudil da Golf ja. A aljihun ƙofarta na tsinci wani ɗan faranti na roba mai kaifin baki, sai daga baya na gane na kankare ƙanƙara ne daga gilashi. Yara suka mayar da shi abin wasa. Abokan aiki suka tambayi Volvo, na ce kuɗin fito ne ya tashi. Haka na faɗa wa matata ma, na kuma riƙe ƙaryar nan shekara biyu. Daren da na gaji na faɗa mata gaskiya, tana ninke kayan yara ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, ai tun kana Gaya matar Kawu ta gaya mini. Jira nake ka huce." Kawu kuwa har ya koma ga Allah bai taɓa tayar da zancen ba. Iyakarsa in na ɗauke shi zuwa ɗaurin aure ya daki gaban motar ya ce, "Ja ce, amma tana tafiya."

Na so in koma. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, a Agustan 2019 aka rufe iyakokin har Disamban 2020, bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 kuma gadar Malanbil ta rufe. Direbobin da na sani a hanyar duk sun watse, wasu sun koma jigilar shanu zuwa Legas. Ɗaya daga cikinsu da na aika ya duba mini tun kafin a rufe hanya, ya dawo ya ce ya sami benen, amma wani saurayi ne a kan bencin, ya ce tsohon ya koma gida.

Don haka nake roƙon mai karatu, musamman mutanen Arewa ta Dogon Dutsi da masu zuwa cin kasuwa can. In kun san wani dattijo siriri da ya yi gadin ƙaramin otal a bayan tashar Jonke ta Kwatano wajen 2014, ku ce masa mushen Wudil na ɗaki mai lamba tara yana gaishe shi, yana kuma neman sunansa. In ya riga mu gidan gaskiya, ku nuna mini 'ya'yansa. Gidana ba wuyar samu, ku tambayi 'yan kara gidan malami mai jar Golf.